Gemun Kawu Mande da 'Yan Cigiyar Cikin Akwati

Kawu Mande bai taɓa karɓar magana daga bakin mutum ba sai ya yi masa tambayoyinsa uku. Ku 'yan tashar Gusau kun san su, don babu wanda bai sha su ba a cikinku: "Ka sani, ko so kake a ce ka sani? In na juya baya wa za ka gaya ma? Wa yab biya ka?" Ya yi wa likita su ana shirin soka masa allura. Ya yi wa mai ƙosai da ta ce masa man yau sabo ne. Ya yi wa mijina ranar da ya zo gaisuwar neman aurena, bawan Allah ya koma gida yana tambayar uwarsa ko an bincika lafiyar danginmu da kyau.

Ni ce Luba, 'yar ƙanwarsa, kuma ba zan ɓoye muku ba, da fushi nake wannan rubutu. Ina fushi da ku da kuka cika ƙofar gidansa a Bungudu ranar zaman makoki kuna ta "Allah sarki Mande, mutumin kirki," alhali ku ne kuka mayar da rumfarsa bayan banɗakin tasha. Ina fushi da Sani Lasifika, wanda ya fi kowa sharar hawaye. Fiye da kowa kuma ina fushi da shi mamacin, Allah Ya gafarta masa, saboda abin da ya yi mini a kan ɗansa Lawali. Kai Lawali, in takardar nan ta iso hannunka kada ka ajiye ta sai ka kai ƙarshe, don kai har yau kana ganin ubanka bai taɓa nemanka ba.

Don waɗanda ba su riske shi ba, sana'ar Kawu cigiya ce. Jakarka ta bi motar Sakkwato kai kana cikin ta Funtuwa, ko akuyarka ta yi ɓatan dabo, ko kana neman wani ɗan'uwa da aka ce an gani a Gusau, sai ka je wurin Mande. Ba ya shela. Zai saurare ka, ya ce ka dawo jibi, ya ɗauki sandarsa ya bi mahauta da masu faci da masu nono yana hirar duniya. Jibi in ka dawo, ko ya miƙa maka kayanka, ko ya dube ka ya ce, "Ban samu ba." Bai san kwana-kwana ba, kuma abin da ka gaya masa ko matarsa ba za ta ji ba.

Ana nan sai Sani ya shigo tasha da lasifika da batirin mota, ya ce shi ma mai cigiya ne. Bai tsaya wahala ba, ya je ya shirya da shugaban 'yan kamasho. Duk baƙon da ya sauko daga mota yana waige-waige, sai a kama hannunsa a kai shi rumfar Sani, da yamma Sani ya ba su nasu kason. Kafin wata uku an ce wurin Kawu ya tare hanya, aka ɗauke masa rumfa aka kai inda na faɗa muku. Kawu ya tafi ofishin shugaba da sandarsa.

"Wa yab biya ka?"

"Haba Mande! Ai ba a hana kowa zuwa wurinka ba. Duk mai so ya tambaya, a nuna mashi."

"A nuna mashi bayan banɗaki! Mutumin da kayanai sunka ɓace, hankalinai ya tashi, shi za ya tsaya zaɓen mai cigiya? Inda anka aje shi nan za ya zauna! Kai ka sani, shi ya sani, shi yas sa ya biya ka!"

Shugaba ya ce a fitar masa da tsohon nan. Kawu ya ce ba sai an fitar da shi ba, warin bayan banɗaki ya fi masa na ofishin.

A cikin wannan zafin ne abin Lawali ya faru. Wani Arɗo daga rugar bayan Wanke ya zo wa Kawu har gida da maganar shanunsa uku da aka kora. Ya roƙa kada kowa ya ji, don surukinsa yake zargi. Lawali, lokacin saurayi ne har gemu ya fara fito masa, ya ji daga zaure. Da safe wurin mai shayi, don dai a san shi ma ya san wani abu, ya ba Sani labari. Kafin hantsi lasifika ta ɗauka, da launin kowace saniya da karkacewar ƙahonta. Ɓarayin suna da kunne. Kafin azahar an loda shanun a babbar mota sun wuce Tsafe, ba a sake ganin ko jelarsu ba.

Ranar kuna nan, kun gani. Kawu ya tsaya tsakiyar tasha ya kori ɗansa, ya damƙi gemunsa da hannun dama ya ce, "Duk ranar da kunka ji Mande ya yi cigiyar yaron ga, ku kira wanzami ku aske wanga gemu nan inda nike tsaye!" Lawali ya hau motar shanu mai zuwa kudu. Shekara goma sha ɗaya babu wasiƙa babu saƙo. Mutumin da yake nemo wa duk Gusau abin da ya ɓace, nasa ɗan ya ɓace ya ɗaure bakinsa da kansa. Mu a gida mun ga yadda yake bin kowace motar kudu da kallo, amma wa ya isa ya tanka?

Bayan an ba mu jiha, Gusau ta cika da ma'aikatu da masu neman kwangila, kowa da takardar da yake so a buga masa. Na samu aiki a shagon buga takardu na wani Alhaji kusa da tasha. Can wajen ƙarshen mulkin soja Alhaji ya sayo sabuwar kwamfuta, ya ɗauko injiniya daga Kaduna ya haɗa ta da layin waya, aka ce yanzu muna da intanet. In ta ga dama ta yi ƙugi ta kama, in ba ta ga dama ba mu yini muna kallonta. Injiniya ya nuna mini shafukan da ake rubuta tambaya a wani ɗan gurbi su nemo maka amsa daga ko'ina a duniya. Kuskuren da na yi a rayuwata shi ne da na je Bungudu ranar hutu na ba Kawu labari.

Washegari ina buɗe shago ga shi zaune a kan benci.

"Ina 'yan cigiyar cikin akwatin? A hiddo mani su in gani."

Injiniya yana nan bai koma ba. Yana kunna na'ura sai wani shafi ya buɗe da kansa, ja da rawaya, tallace-tallace suna ta ƙyaftawa a kowane gefe. Kawu ya ce a dakata.

"Wa yak kira wanga?"

"Baba, ai haka yake zuwa. Da ka kunna shi ne ke fara fitowa."

"Shi kaɗai na?"

"A'a, akwai wasu, suna da dama. Wanda yake so sai ya rubuta adireshinsu."

"To shi wanga ya hi su iyawa na, da anka aje shi bakin ƙohwa?"

Injiniya ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai yadda ya ji, masu shafin ne suke shiryawa da masu ƙera na'urar, su biya su don a sa nasu a gaba.

Jama'a, na ga Kawu yana fushi iri-iri, amma ban taɓa ganin fushi haɗe da murna irin na ranar ba. Ya miƙe ya buga sanda a ƙasa. "La'ilaha illallahu! Ashe har Turawa suna da 'yan kamasho! Luba, kin ji? Sani Lasifika na, ya shiga akwati! Su sauran suna ina? Bayan banɗaki?" Nan take ya raɗa wa shafin suna Ɗan Talla, ya tsaya a kaina sai da injiniya ya koya mini yadda ake canja shi. Amma duk ranar da injiniya ya zo gyara ya sake zuba wa na'urar kayanta, Ɗan Talla sai ya dawo bakin ƙofa. Kawu ya riƙa tare injiniyan tun daga saukowarsa daga mota yana tambayarsa nawa ne nasa kason. Mutumin nan har ya koma sauka a shatale-tale ya ƙaraso da ƙafa ta bayan layi.

Daga nan aka shiga jarrabawa. Kawu yana da wata ƙa'ida: ba ya gwada mai cigiya da abin da bai sani ba, sai da abin da shi ya riga ya san amsarsa. Ya zaɓi shafuka uku, Ɗan Talla da wasu biyu, ya zauna gefena ya harɗe ƙafa.

"Tambaye su ina Karakkai take," in ji shi, wato ƙauyen da gonarsa take.

Na rubuta wa Ɗan Talla. Muka jira har shayin Alhaji ya huce. Abin da ya fara fitowa hoton wata mota ce ja da farashinta, sai tikitin jirgi, sai can ƙasa wasu layuka da ba su da haɗi da mu.

"Mi yac ce?"

"Ya ce ko za ka sayi mota."

"Na tambaye shi Karakkai ya ce in sayi mota! In tahi ina da ita, tunda bai san hanya ba?"

Na biyun ya zubo amsoshi shafi bayan shafi, ba iyaka. Na yi ta karanta masa ina fassarawa: wani asibiti a wata ƙasa, sunan wani kifi, jerin sunayen ɗaliban wata makaranta. Kawu ya ce, "Isa haka. Wanga shi na mugun. Bai sani ba, kuma ba ya iya cewa bai sani ba. Irinsu ka sa mutum ya kwan uku a Talata Mahwara yana neman jakar da tana Tsahe." Ya sa masa suna Sarkin Surutu.

Na ukun fari ne fes, babu hoto babu ado. Na rubuta, ya ɗan yi shiru, ya fito da layi ɗaya.

"Ya ce bai samu ba, Kawu."

Kawu ya gyara zama. Ya dubi allon da wani irin girmamawa. "Wanga ɗan mutunci na. Iyayenai sun yi mashi tarbiyya." Ya sa masa suna Miskili. Na ce to ai shi ma bai san Karakkai ba. Ya ce, "Ke rufa mani baki. Duk ukun jahilai na, amma guda ya san shi jahili na." Sati uku muna wannan aiki. Ya tambaye su Bungudu, ya tambaye su Wanke, ya tambaye su nisan Gusau da Tsafe. Ranar da Sarkin Surutu ya dace ya kawo taswira da Gusau a jiki, Kawu ya ce ba ilimi ba ne, wanda ya yini yana jifa dole ya sami wani abu. Masu takardu suna layi a waje suna tsaki, Alhaji yana harara ta, ni kuwa ina tsakiya.

Saura tambayarsa ta biyu, ta "wa za ka gaya ma," kuma ita ce ta kusa raba ni da aikina. Wata safiya na taɓa ɗan gurbin tambayar da linzamin na'ura, sai wani jeri ya zubo ƙasa da kansa. Duk abin da aka tambaya a kwanakin nan ga shi a jere. Kawu ya ce mene ne wancan. Ni kuma da wautata na fara karantowa da ƙarfi: Karakkai, Wanke, farashin taki, sai maganin mayar da furfura baƙi, sai maganin sanƙo. Na ɗago kai. Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa, da hularsa da bai taɓa cirewa a gaban mutane ba.

Kawu ya dubi hular, ya dubi allo, ya sake duban hular.

"Alhaji, ni ban ji komi ba," in ji shi. "Amma akwatinka munahuki na."

Ya hana ni numfashi sai da na kira injiniya a waya. Injiniya ya ce wannan jerin na'urar ce take ajiyewa, ana iya sharewa, ya gaya mini yadda ake yi. Kawu ya karɓe wayar. "Su can masu shahin hwa? In an share nan, sun manta?" Injiniya ya ce a gaskiya su ma suna iya ajiye nasu a can, babu wanda ya san abin da suke yi da shi. "Har Miskili?" Ya ce har shi, bai sani ba. Kawu ya ajiye waya a hankali kamar an yi masa rasuwa. Daga ranar ya kafa mini doka: duk wanda ya tashi daga gaban na'urar, in share kafin wani ya zauna. Yakan taso daga rumfarsa sau uku a yini don kawai ya ga ko na share. In ya tarar da ko layi ɗaya, ranar sai na ji tarihin kakannina.

Ku riƙe wannan da kyau. Duk Gusau babu wanda ya kai Kawu Mande sanin cewa akwatin nan ba ya riƙe asiri.

Wata Litinin da sassafe, ina sharar shago, ya shigo ya ja ƙofa. Bai zauna ba. Bai dube ni ba.

"Kunna. Rubuta Lawali Mande Bungudu."

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Shekara goma sha ɗaya ban ji sunan nan a bakinsa ba. Na zauna na fara buɗo Miskili. Ya ce a'a, in bar wanda ya fito da kansa. Na ce Kawu, Ɗan Talla ne fa. Ya daka mini tsawa ya ce shi ya ce in yi. Na rubuta. Muka jira. Mota ja ta fito, tikitin jirgi ya fito, Lawali bai fito ba. Na kai hannu zan share, sai Kawu ya dafe ƙirji ya ce jiri yake gani, in kama shi in kai shi ya hau motar Bungudu. Na rikice, na bar komai a yadda yake, na riƙe shi har tasha. Sai da na ga motarsa ta tashi na dawo.

Ina shigowa na tarar da Sani Lasifika a kan kujerata. Kowace Litinin da safe yake kawo sanarwowinsa a buga masa, kuma tun da ya ji labarin intanet ba ya fita sai ya taɓa linzamin nan ya ga abin mamaki. Ya taɓa. Jeri ya zubo. Sani bai yi nisa a boko ba, amma ya iya karanta sunan Mande ko a juye aka rubuta shi. Ya dube ni, ya washe baki, ya fita bai ko karɓi takardunsa ba.

Kafin azahar lasifika tana ta zabga shela: "Jama'a, Mande yana cigiyar ɗansa! Mande ya kai cigiyar Lawali har ƙasar Turawa!" Washegari da Kawu ya sauko daga mota ya tarar an shimfiɗa tabarma a tsakiyar tasha, wanzami yana wasa aska, direbobi da 'yan kamasho sun yi da'ira. Aka turo a kira ni shaida. Na zo na tsaya a gabansu.

Kawu ya dubi taron ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa gemu.

"Wa yaj ji da kunnenai na yi cigiya? Ya hito."

Babu wanda ya fito. Sani ya ce ai ga shi a rubuce, ya gani da idonsa.

"Ni na iya rubutun boko? Ku tambayi yarinyar ga, hannun wa yar rubuta?"

Duk idanu suka dawo kaina. Me zan ce? Na ce hannuna ne. Ban ƙara ko kalma ba, don shi ya koya mini cewa abin da mai tambaya ya tambaya ba a faɗa. Sai kuwa ya juyo kaina a gaban mutum sama da hamsin. Ya ce na zubar masa da mutunci, ya ce sau nawa yana gaya mini in riƙa sharewa, ya ce ni da Sani uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya a sakin baki. Kowa ya watse da cewa Luba ce ta yi gaban kanta don tausayin ɗan kawunta. Wanzami ya naɗe askarsa yana mita an ɓata masa safiya. Ni na koma shago na yi kuka har idona ya kumbura.

Wata huɗu bai yi mini magana ba. Wata huɗu! In na gaishe shi ya kalli sama. Na kai masa fura ranar Juma'a ya ce a ba maƙwabta. Uwata ta ce in je in ba shi haƙuri. Haƙurin me? Laifin me na yi?

Amma shelar Sani ba ta tsaya a Gusau ba. Direbobin motocin shanu suka ɗauke ta suna dariya, suka sauke ta a Tsafe wurin cin abinci, wasu suka ɗauka suka yi kudu da ita. Labarin tsoho da gemu da akwatin Turawa ya yi daɗin bayarwa, ya bi kara-kara, kasuwa bayan kasuwa, har ya isa wata kasuwar shanu a can kurmi, inda wani mai ɗaure kaya ya ji ya ajiye igiya ya zauna. Abin da 'yan cigiyar duniya uku suka kasa, gulmar tasha ta yi shi. Ana cikin damina Lawali ya sauka a Gusau da mata da 'ya'ya biyu.

Kafin ya kai Bungudu kun riga kun tare shi kun gaya masa "gaskiyar magana," cewa ba tsohon ba ne, Luba ce. Allah Ya saka muku. Na ga fuskarsa lokacin. Ya ce tunda ya zo zai ƙarasa. Ya durƙusa a zaure, Kawu yana zaune yana gyaran takalmi bai ɗago ba.

"Wa yak kira ka?"

"Babu kowa, Baba."

"To tunda ka zo, ɗakin uwarka na nan, rufin yana yoyo. Ka gyara."

Shi ke nan maraba. Amma a daren bai ci tuwo ba sai da aka ɗora masa jikokin nan biyu a cinya, kuma da safe aka ji shi yana yi wa ƙaramar tambayoyinsa uku a kan wa ya cinye masa ƙuli. Suka zauna tare shekarun da suka rage. Lawali ya yi masa biyayya, ya noma masa gonar Karakkai, ya yi jinyarsa. Sai dai ko da yaushe akwai ɗan nisa a tsakaninsu, irin na mutumin da yake ganin an haƙura da shi ne kawai. Ni kuma ya riƙa yi mini godiyar da ba tawa ba, kowace salla da turmin atamfa.

Kwana uku kafin rasuwar Kawu na je duba shi da rana. Ya kori kowa daga ɗakin. Ya rame, gemun nan ya yi fari tas, amma idon yana nan.

"Luba, har yanzu kina hushi?"

Na ce sosai ma.

"Ke kina zaton ni, Mande, ban san ranar da Sani ka zuwa shagonku ba? Wata biyu ina lura da shi."

Na ji kamar an watsa mini ruwa.

"Jirin fa?"

"Wane jiri? Ban taɓa jiri ba tunda anka haihe ni."

"Shi ya sa ka ce Ɗan Talla?"

"Shi ka buɗewa da kanai. Sani ya san hanyar wani shahi na? Inda anka aje shi nan za ya zauna."

Wallahi na manta marar lafiya ne. Na miƙe tsaye na ce Kawu, wata huɗu! Ka zage ni a gaban tasha! Ka ba maƙwabta furata! Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "In ban yi hushi ba wa za ya yarda? Furar kuwa na aika an karɓo mani rabi ta bayan gida." Da ya huta sai ya ce ya gwada su ukun ne da gaske, yana fatan ɗayansu ya san inda yaron yake, a yi a gama ba wanda ya ji. Da ya ga ko Karakkai ba su sani ba, sai ya gane abin da suka iya guda ɗaya ne, sakin baki, shi ne ya yi aiki da shi. Ya kama hannuna ya ce, "Ki yahe mani, ɗiyata. Ke kaɗai na gwada da tambayoyin ga uku kika ci duka."

Na ce to ka gaya wa Lawali mana, ga shi can a waje. Ya damƙi gemunsa, da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Da wanga za a rufe ni. In an rufe ni ki gaya mashi. Kada ki gaya mashi baki da baki, kunya za ta kama ku ku biyu. Ki buga a takarda ki manta da ita inda Sani za ya gani."

To ga ta na buga. Malam Sani, na san kai za ka fara karantawa, don a kan bencinka zan manta da ita. Ka ɗauki lasifikarka ka yi aikinka, yau kam da izinin Mande. Ku kuma masu jiran aski, kun makara, da gemunsa aka binne shi ko gashi ɗaya bai ragu ba.

Lawali, ka daina kawo mini atamfa. Hannuna ne ya rubuta, amma ubanka ne ya faɗi sunanka, kuma muryarsa tana rawa lokacin da ya faɗa.

Ya Allah, bawanka Mande ya rufa wa mutane asiri duk tsawon ransa, Ka rufa masa nasa. Ka sauƙaƙa masa tambayoyin kabari, Ka sa ya amsa su ba gardama. Ni na yafe masa wata huɗun nan. Ka haɗa shi da ɗansa a inda ba a sake rabuwa. Amin.